Ashar a fim: Da gaske haka muke magana a Kanya Babba?

Duk ranar da ka yi wa mai shirya wasan barkwanci ƙorafi a kan ashar ɗin da ya cika bidiyonsa da shi, kusan amsa ɗaya za ka samu: "Malam, ai haka mutane suke magana. Mu abin da ke faruwa muke nunawa." In ka matsa masa, sai ya ƙara da cewa fim madubi ne, wanda ya ga datti a fuskarsa ya je ya wanke, ya bar madubi ya huta.

Maganar tana da daɗin ji, kuma ba dukanta ce ƙarya ba. Amma kai da ka tashi a Kanya Babba, ko Babura, ko Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, kana da ma'aunin da ya fi na kowa, wato kunnenka. Ka san yadda ake magana a zauren gidanku, ka san ta tasha, ka san ta majalisar mai shayi. Ke ma 'yar'uwa kin san ta tsakar gida da ta gidan biki. To, mu ɗora maganar tasu a kan wannan ma'auni mu gani.

Ba duk baƙar kalma ce ashar ba

Kafin mu yi nisa, mu raba tsaki da tsakuwa, don sau da yawa a nan ake ruɗewa. Zagi daban, ashar daban, batsa daban. Zagi shi ne a kira ka wawa, ko sakarai, ko ɗan banza. Ashar shi ne a tsallake ka a taɓo iyayenka, a haɗa su da abin da ba a ambata a bainar jama'a. Batsa kuwa zancen tsiraici ne da abin da ya shafi shimfiɗa, ko da ba faɗa ake ba. A gefe guda kuma ga habaici, ga zambo, ga gatse, ga baƙar magana, waɗanda duk makamai ne na fasaha. Mai habaici zai iya hana ka barci kwana uku bai furta kalma ɗaya da za ka kai ƙararsa wurin mai unguwa ba.

Bahaushe ya san wannan bambanci sarai. Shi ya sa kakarka za ta ce maka "ja'iri" tana zuba maka fura, ka yi dariya, amma in baƙo ya yi maka daƙuwa a kan hanya sai an riƙe ka. A wajenmu nauyin kalma yana tafiya ne da bakin da ta fito, da kunnen da ta shiga, da wurin da aka faɗe ta.

Wane fim muke magana a kai?

A yi wa 'yan Kannywood adalci a nan. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, masana'antar take tafiya ido na kanta. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar. Daga 2007, lokacin da Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamar hukumar, abin ya yi tsanani har wasu 'yan fim suka bar Kano suka koma Kaduna da aiki. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu, kan zargin rashin rajistar kamfani da kuma wata rawa a fim ɗin Ibro Aloko. A 2024 hukumar, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana finafinan da ke nuna daba da daudu. A watan Mayun 2025 kuma ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, ba don ashar ba, sai don ta ce ana sakin su ba a kawo mata ta tace ba.

Ke nan fim ɗin da ya bi ta hannun hukuma, ko wanda ake haskawa a tasha irin Arewa24, da wuya ka ji an maka ashar tsirara a cikinsa. Inda abin ya yi katutu shi ne a wayarka. Gajerun wasannin barkwanci na TikTok da Facebook, finafinan YouTube da wasu samari ke ɗauka da waya a bayan gari, wasu daga cikin finafinan Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa, da guntayen bidiyon da ake yankowa a watsa a WhatsApp. Su ne ake tura maka a shagon caji da 'yan canjinka. Su ne ƙanenka yake kallo in ya ari wayarka da sunan zai yi wasa. Babu wanda ya tace su, kuma a idon yaro duk fim ne.

Gaskiyar da ke bakinsu

Yanzu mu ba mai barkwanci haƙƙinsa. Shin ana ashar a ƙasar Hausa? Ana yi mana! Wanda ya ce ba a yi, bai taɓa tsayawa a tasha lokacin da 'yan kamasho biyu suke rigima a kan fasinja ɗaya ba. Bai je filin dambe ba, bai ga direban da mai babur ya gifta wa ba, bai zauna a gidan kallon ƙwallo ranar da aka zura wa ƙungiyar wani uku ba. Kuma ba yau aka fara ba. Tun kafin a san kyamara, 'yan gambara suna yawo kasuwa-kasuwa da kalaman da dattijo zai kau da kai in ya ji. Mata ma suna da nasu zantukan na gidan biki, in ba namiji a kusa.

Al'adarmu har ta ware wa sakin baki gurbinsa. Akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji. Akwai na ƙabilu da garuruwa: Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa. A irin wannan wasa ana faɗa wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga gaban alƙali, amma a nan dariya ake a tafa.

Saboda haka kalmomin da kake ji a waɗannan bidiyoyi ba daga sama suka faɗo ba. Namu ne. Abin tambaya shi ne, haka muke amfani da su?

Abin da kyamara take yankewa

A nan madubin nasu ya tsage. Ɗan kamashon da ya lailayo ashar da hantsi, shi ne da yamma zai tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaida surukinsa, muryarsa ko fita ba ta yi. Samarin majalisa suna tsakiyar shaƙiyanci, da zarar liman ya doso sai ka ji tsit, wani ma ya ɓoye karan sigarinsa a bayansa. Wasan taubasai yana da iyaka, kowa ya san inda ake tsayawa. 'Yan gambara kuma kowa ya san sana'arsu ce, ba wanda yake ɗaukar bakinsu a matsayin bakin gari.

Ka duba ɗaya ɓangaren harshen namu, wanda ya fi wancan girma nesa ba kusa ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai dai Malam, ko Maigida, ko baban wane. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a koma kiransa Abba ko Baffa. Ba ma cewa za mu yi kaza, sai dai za mu kewaya, ko za mu kama ruwa. Mace ba ta yi ciki ba, juna biyu gare ta, in ta haihu kuma ta sauka. Mutum bai mutu ba, ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Al'ummar da ta ƙera wa kanta kalmomin sakaye masu yawa haka, ba za a ce ashar ne ainihin bakinta ba. Ko Baturen nan Kirk-Greene, da ya yi nazari a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, sai da ya lissafa kunya da ladabi cikin manyan siffofinsa.

To me bidiyon minti biyu yake yi? Yana ɗauko kalmar tasha ya sa ta a bakin ɗa yana magana da ubansa. Yana ɗauko zancen gidan biki ya sa shi a bakin matar aure a gaban surukarta. Yana sa wa saurayi gemun auduga da rawani, ya mai da shi dattijon da ba ya buɗe baki sai da ashar. Kalmomin na gaskiya ne, amma wurin da aka ajiye su ƙarya ne. Kai da kanka ka lissafa: a unguwarku dattijo nawa ka sani masu irin wannan baki? In akwai ɗaya, ai sunansa ya zaga gari, har ana hana yara zama kusa da shi. Wato banbarakwai ne, ba shi ne gama-gari ba.

Finafinan Indiya na fassara sun ƙara tona asirin wannan hujja. Ɗan daban da ke cikin fim ɗin ba a Kano aka haife shi ba, bai san Hausar bakin tasha ba. Mai ɗora murya ne ya zauna ya zaɓa masa kalmomi. In ya sa masa baƙar magana mai ma'ana, zaɓinsa ne. In ya sa masa ashar, shi ma zaɓinsa ne. Babu wani madubi a nan.

Me ya sa suke zaɓar ashar ɗin? Don ya fi arha. Rubuta barkwancin da zai sa mutum dariya yana cin lokaci da ƙwaƙwalwa, ga shi yawancin waɗannan bidiyoyi ko rubutaccen labari ba su da shi, a gaban kyamara ake ƙirƙirar zance. Manhajar kuma ba ruwanta da tarbiyya. Abin da aka tsaya aka kalla, aka tura wa wani, aka yi sharhi a ƙarƙashinsa, shi take ƙara turawa gaba. Ko tsinuwa ka rubuta, ka ƙara masa kasuwa. Daga yawan masu kallo ake samun talla, daga talla ake samun kuɗi.

Inda abin ya shafe ka kai tsaye

Akwai wani abu da ya fi ashar ɗin kansa ciwo, shi ne bakin da ake ɗora wa shi. Ka lura da kyau. A yawancin finafinanmu, jarumi mai mota da jaruma 'yar jami'a Hausar birnin Kano suke yi, a sirka da Turanci. Amma da zarar an zo kan wawa, ko mafaɗaci, ko maigadi, sai a sauya masa harshe. Sai ka ji "tahi" maimakon tafi, "hwaɗa" maimakon faɗa, "munka" da "sunka" maimakon muka da suka, "ɗiya" maimakon 'ya. A bidiyoyin da ba a tacewa kuma, wannan bakin ne ake cika wa ashar. Sannu a hankali mai kallo ya haɗa abu biyu a ransa: karin harshen karkara da rashin tarbiyya.

Kai kuwa a ina kake zaune? Hanyar da ta taso daga Kunya ta ratsa Kanya ta nufi Babura, ta wuce har Babban Mutum a Jihar Katsina. Kazaure tana kan titin Kano zuwa Daura. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da ƙasar Katsina. Nijar ma ba nisa. Kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, duk yankin nan Jihar Kano ne. Ke nan kana zaune ne a mahaɗar Kananci da Dauranci da Katsinanci, kuma a kasuwa ɗaya kunnenka yana iya jin dukansu, har da na baƙin Damagaram. Wannan arziki ne. Amma in allon waya ya yi ta nanata maka cewa mai irin wannan baki shi ne jahili mai ashar, wata rana kai da kanka za ka fara jin kunyar bakin kakarka.

Kuma ana yi. Za ka ga yaro ya tafi karatu Kano, ko ma nan kusa, kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wata uku kacal ya dawo ya kankare harshensa tas, har yana gyara wa mahaifiyarsa magana. Ba don an ce masa nasa kuskure ba ne a aji. Dariya aka yi masa a ɗakin kwana, aka kira shi da sunan wani ɗan wasan barkwanci, shi ke nan.

Alhali karin harshe ba kuskure ba ne. Daidaitacciyar Hausa da ake rubutu da ita an gina ta ne galibi a kan Kananci, kuma jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, suka taimaka ta zauna. Zaɓi ne da aka yi don sauƙin rubutu da karatu, ba hukunci ba ne cewa sauran ba Hausa ba ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar Katsina, ko Sakkwato, ko Daura, ko Haɗeja. Abin da ke raba karin harshe da ɗan'uwansa shi ne furuci, da zaɓin kalma, da ginin jimla. Ashar ba ya cikin lissafin. Hali ne na mutum, kuma kowane gari yana da masu shi.

Ka ɗauki Katsinawa. An daɗe ana tsokanarsu da cewa ashar a bakinsu kamar gaisuwa ne, har masu barkwanci sun mai da abin jari: in dai an sa Bakatsine a wasa, to a jira ashar. Amma garin nan fa shi ake wa kirari da ɗakin kara, garin hasumiyar Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Tsokanar da ake yi tsakanin abokan wasa, ana dariya ana ramawa, daban take da wadda aka naɗa aka watsa wa dubban mutanen da ba su taɓa taka Katsina ba. Su abin da suka gani a waya shi ne Katsina.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan rigima har a Indiya an yi ta. A 2018 aka fara sakin wani fim mai dogon zango mai suna Mirzapur, sunan wani gari na gaske a jihar Uttar Pradesh, cike da ashar da harbe-harbe. Ya yi kasuwa sosai. Amma da zango na biyu ya fito a 2020, 'yar majalisar da ke wakiltar garin, Anupriya Patel, ta fito ta nemi a ɗauki mataki, tana cewa ana ɓata wa garinsu suna. Maganar har Kotun Ƙolin ƙasar ta je. Garin da aka sani da saƙar darduma, sai ga shi a idon duniya ya koma matattarar 'yan daba. Masu fim sun kwashi kuɗinsu sun yi gaba, mutanen gari aka bari da sunan.

Ana iya ba da dariya ba tare da shi ba?

Tambayi babanka labarin Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, ya shafe shekaru yana sa Arewa dariya da Hausar bariki a rediyo da talabijin na Kaduna, gidajen gwamnati da ba a barin ashar ya fita. Tambaye shi marigayi Kasimu Yero a Karambana. Waɗannan da harshe suka yi wasa, suka kwaikwayi yadda mutane ke magana, kuma uba da 'ya'yansa suna zaune tabarma ɗaya ana kallo. Har yau ana tuna su. Bidiyon ashar na makon jiya kuwa, wa ya riƙe sunansa?

Ba cewa ake kowane ɗan wasa ya yi magana kamar mai wa'azi ba. Mugu a fim dole ya yi kama da mugu, ɗan tasha ya yi kama da ɗan tasha. Amma Hausa ta ba marubuci kayan aiki: habaici, gatse, zambo, karin magana, harara, har da shiru. Wanda ya iya su zai nuna maka fushin da zai sa tsigar jikinka ta tashi bai taɓo uwar kowa ba. Kuma kar mu manta, hadisi ingantacce ya sa zagin iyayen wani cikin manyan zunubai, domin kai ne ka jawo a zagi naka. Ba a ce ban da gaban kyamara ba.

To, yanzu me ya rage gare ka?

In kai mai kallo ne, ka sani yatsanka ƙuri'a ne. Abin da ba ka so ƙanwarka ta maimaita a gaban baƙi, kar ka tura shi, kar ka tsaya yin sharhi a kansa, wuce shi kawai. Kafin ka miƙa wa yaro wayarka, duba abin da ke ciki. Yaro ba ya ganin iyakokin da kai ka sani. Shi dai ya ga an faɗa an yi dariya, gobe sai ya faɗa wa yayan babansa, a zo ana neman wanda ya koya masa.

In kuma kana cikin samarin da suka fara ɗaukar bidiyo, a Babura kake ko a Roni, to ga shawara kyauta. Magana zarar bunu ce tun a da, balle yanzu da ake naɗe ta. Kotuna a Kano sun sha gurfanar da 'yan TikTok kan zargin batsa. Ko ba kotu, akwai ranar da za a je binciken aurenka, akwai ranar neman aiki, akwai ranar da ɗanka zai iya karatu ya laluba sunanka. Sa'an nan ka tuna kana da abin da 'yan birni ba su da shi. Je ka zauna kusa da tsofaffin garinku ka ji yadda suke gasa wa juna magana a wurin ɗaurin aure. Saurari cinikin akuya a kasuwa, ka ji yadda dillali yake juya harshe. Saurari kaka da jikanta, ko taubasai ranar salla. Ka sa jaruminka, mai hankali, mai ilimi, wanda ake so a fim ɗin, ya yi magana da bakin garinku ba tare da an mai da shi abin dariya ba.

Duk wanda ya sake ce maka "ai haka mutane suke magana", ka tambaye shi: su wa, a ina, a gaban wa? In ya ce a garinku ne, ka gayyace shi Kanya Babba ya kwana biyu, ya gaisa da mutane, ya zauna a zaure, ya je kasuwa, ya leƙa tasha. Zai ji ashar, ba a musu. Amma sai ya ji sallama ɗari, da "sannu da aiki", da "Allah Ya yi albarka", kafin ya ji guda ɗaya. In madubi yake da'awar riƙewa, to ya nuna duka.